Shaidar Mita a Gidan Injiniya Badar

Duk matan layin da ke bayan kasuwar Gudu, da wuya a sami wadda ba ta taɓa jin ƙyashin Mashkura ba. Kyau tana da shi, amma ba shi ne ke ci musu rai ba, wuta ce. Mijinta Injiniya Badaruddeen, wanda kowa ke kira Injiniya Badar, yana cikin waɗanda kamfanin rarraba wutar lantarki ya damƙa wa sabon tsarin nan da ake yayi, wanda mita ke aika rahoto ofis da kanta, kuma in waya ta tsinke a wata unguwa na'ura ta gani ta karkato da wuta ta wata hanyar kafin mutane su gama tsaki. A gidansa aka fara gwaji. Ya ƙara da farantan sola a rufi da batura a lungun kicin, don haka ko an ɗauke wa unguwa wuta, gidan Mashkura bai san an yi ba.

Angela, maƙwabciyarta da suka haɗa katanga, mai sayar da lemo da ruwan leda a kasuwa, ba ta ɓoye nata ƙyashin. Takan leƙo ta ce, da Hausarta ta 'yan koyo mai mayar da mace namiji, "Amarya, kai dai ka more. Ni firjina ya koma kabad, kai kuwa ƙanƙara ma zubarwa kake." Mashkura sai ta yi murmushi ta miƙo mata ƙanƙarar a roba.

Abin da ba su sani ba shi ne Injiniya bai tsaya kan mitar kamfani ba. Ya sayo wasu 'yan na'urori ya maƙala wa kowace waya a akwatin wutar gidan, ta yadda ɗaki da falo da kicin da banɗaki kowanne yake da nasa zanen a wayar hannunsa, wani koren zare mai hawa idan an kunna abu, mai sauka idan an kashe. Yana zaune a ofis zai ga an jona dutsen guga. Yana kuma iya danna yatsa ya yanke wa duk ɗakin da ya ga dama wuta. A wurin aiki da irin wannan zaren yake kama masu satar wuta, kuma a faɗi gaskiya ya ƙware. Zaren da ya faɗi ba lokacin faɗuwarsa ba, an zagaye mita ke nan. Wanda ya hau ba dalili, akwai injin da ake ɓoyewa. Duk zaren da ya sauya hali, a wurinsa akwai ɓarawo a ƙarƙashi, kuma da wannan idon yake komawa gida.

Mashkura kuwa ciki gare ta, bayan biyu sun zube a baya. Likita ta ja mata kunne sosai: hutu, wuri mai sanyi, ban da doguwar tsayuwa, kuma ranar da ta ga ko ɗigon jini kada ta jira kowa, ta taho. Wannan cikin shi ne duk abin da take lallaɓawa a duniya.

Da hita, na'urar dumama ruwan wanka, abin ya fara. Ya dawo daga aiki wata ranar, ta kawo masa abinci, ya kai loma biyu ya ajiye cokali.

"Wa ya zo gidan nan yau?"

"Babu kowa."

"To wa ya yi wanka bayan azahar?"

Ta dube shi da mamaki. "Ni ce. Amai na yi ya ɓata min jiki."

"Ai kin yi wanka da safe, na gani." Ya juyo mata fuskar wayar, ya ɗora yatsa a kan wani tudu a jikin zaren. "Kuma wannan ba banɗakinki ba ne, na baƙi ne. Me ya kai ki can?"

"Shi ya fi kusa, Injiniya. Ban iya ƙarasawa ɗaki ba."

Ya ce, "To," ya ci gaba da cin abincinsa. Ita ce ta kasa ƙara loma.

Asalin abin ba wani asali ba ne. Wata liyafa kamfaninsu ya yi a wani otal a Maitama ranar ƙaddamar da sabon tsarin, ya je da ita, wani abokin aikinsa ya ce cikin raha, "Injiniya, ashe haka ka iya zaɓe ka ɓoye mana?" Aka yi dariya aka manta kafin a raba nama. Shi bai manta ba. Bai taɓa kama ta tana kallon kowa ba, ba shi da sunan ko mutum ɗaya da zai ce ga shi, kuma rashin sunan ya fi ƙona shi, don da akwai suna da ya san ƙofar da zai je ya buga. Sai ya zauna a ɗakin sa ido na kamfani, ga allon bango yana nuna masa rabin gari, shi kuwa idonsa na ƙarƙashin tebur a kan wayarsa. Idan esin falo, na'urar sanyaya ɗaki, ya tashi, sai ya ga wani ƙato zaune a kujerarsa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Idan injin markaɗe ya daɗe yana aiki, to kunun aya ake haɗa wa wani. Zuciyarsa ta yi ta tafasa har a tashi aiki, ya tuƙo mota yana shirya tambayoyi a hanya.

Mashkura ta yi abin da kowace mace mai neman zaman lafiya za ta yi. Ta daina kunna esi da rana. Ta koma wanka da ruwan sanyi. Talabijin ma ta haƙura da ita, ta kwanta a kan tayil da mafici a hannu, don dai zaren ya kwanta shiru shi ma ya kwantar da hankalinsa.

Ranar da zaren ya kwanta shiru kuwa, bai ko cire takalmi ba.

"Ina kika je?"

"Ina gida."

"Kina gida, tun hantsi har la'asar ko ƙwan fitila ba a kunna ba? Gidan da mutum yake ciki ba ya yin haka. Ni aikina ne, na san gidan da babu kowa."

"Kwance nake. In na kunna ka ce baƙo na yi, in na kashe ka ce fita na yi. To yaya kake so in yi?"

"Gaskiya nake so ki yi. Mai gaskiya ba ta damuwa da mita."

Ta yi kuka a gabansa, ya tsaya yana kallonta kamar yadda yake kallon wanda aka kama ya zagaye waya yana rantsuwa. Ya ga irin wannan rantsuwar da yawa a bakin aiki, har da masu dafa Alƙur'ani.

Ta kira mahaifiyarta, Umma, ta taso daga Masaka a motar haya. Umma mace ce mai kunyar suruki ta gaske, tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa kallon idon Badar ba, balle ta kira sunansa ko ta buga masa waya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Shi ma bangon ya yi wa bayani, cikin ladabi da sanyin murya.

"Umma, ni ban ce ta yi wani abu ba. Allah ya kiyaye. Na'ura ce ke nunawa, ni tambaya kawai nake. Kuma duk don lafiyarta ne, in wani abu ya same ta ina ofis, ta nan zan fara gani."

Umma ta ce wa bangon, "Allah ya yi albarka." Da ya fita sai ta ja 'yarta kicin.

"Ke yanzu a kan wannan kika taso ni? Bai dake ki ba, bai bar ki da yunwa ba. Kishi ne, kuma wanda ba ya son ki ba zai yi kishinki ba. Mu da ba mu yi boko ba me muka sani a kan na'ura? 'Yan uwanki a Masaka da kwali suke fifita, sai su yi mako ba su ga wuta ba. Ki bi abin da yake so ki rabu da shi lafiya, ki haife abinki."

Ta tafi da ƙanƙara cike da kula, tana ta sa albarka. Ina jin haushin Umma a wannan wurin, duk da na san ba rashin so ba ne. Hasken gidan ne ya kashe mata ido.

Daga nan Injiniya ya tsara wa matarsa yini. Ya ce gidan mace tagari yana da kamanni, shi ya ga dubbai. Butar lantarki bayan asuba, guga da hantsi, girki kafin azahar, talabijin kaɗan bayan la'asar, fanka ɗaya a ɗaki. Esi kuwa ya yanke masa wuta daga ofis, ya ce mace ita kaɗai fanka ta ishe ta, esi da rana na baƙo ne. Ga watan Maris, lokacin da rufin Abuja ke gasa mutum tun kafin rana ta take. Fankar iska mai zafi take juyawa.

Mashkura ta koma yi wa zare hidima. Ba ta shan shayi, amma tana tafasa ruwa ta zubar. Kayan guga suka ƙare, don mutum biyu nawa za su ɓata, sai ta riƙa ciro rigunansa gogaggu daga kabad ta sake goge su, a tsaye, gumi na zuba, bayanta na sara, don dai tudun hantsi ya fito a inda ya saba. Ƙafafunta suka kumbura. Ranar awo ma sai da ya kai ta da kansa ya zauna a mota, kuma likita ta sake faɗa a kan tsayuwa. A hanyar dawowa ta gaya masa, ya ce, "Guga ce tsayuwa? Matan ƙauye da ciki suke daka."

Angela tana jin komai ta katanga, har ta haddace lokutan. Wata rana ta ce, "Amarya, wannan wutan naka ni ba na so kuma. Gara duhuna." Yanzu Mashkura ce ke kallon tsohuwar mitar Angela mai baƙin murfi, wadda ba ta gaya wa kowa komai, tana jin ƙyashi har cikin ranta. Angela takan rufe ƙofa ta tafi kasuwa, ta dawo lokacin da ta dawo, mijinta ya ce sannu da zuwa.

Sai kamfani ya tura Injiniya kwas Legas. Ana gobe zai tafi suka sami saɓani a kan firji, wai an buɗe shi fiye da kima. Ya ɗaure fuska, ya haɗa jakarsa da kansa. A bakin ƙofa ya ce, "Kada ki jira kirana, ba sai na kira ki ba. Murya tana ƙarya. Abin da nake son sani zan gani. Kuma ban yarda ki taka ƙofar gidan nan ba sai na dawo."

Washegarin tafiyarsa, tana tsakiyar gugar hantsi, ta ji mararta ta murɗa. Ta shiga banɗaki ta ga jini.

Ta kira shi, ya katse. Ta sake kira, saƙo ya shigo: "Ina aji." Ta tsaya riƙe da wayar, maganar likita na kunnenta, maganarsa ma na kunnenta. In ta fita zaren zai kwanta, kuma ta san abin da zai ce, ta san har cikin ma zai iya cewa a bincika na wane ne. Sai ta ce a ranta bari ta ƙarasa gugar, ta ɗora girki, wataƙila ya tsaya da kansa. Ta ƙarasa gugar. Ta ɗora tukunya tana dafe da bango. Jinin bai tsaya ba.

Ƙarar faɗuwar murfin tukunya ce ta sa Angela, wadda ta dawo ɗaukar kaya, ta leƙo ta taga. Ta zagayo da gudu ta same ta zaune a ƙasan kicin.

"Tashi mu je asibiti."

"Ba zan iya fita ba, Angela. Zai gani."

"Zai ga me? Jini kake zubarwa fa."

"Zaren zai kwanta. Zai ce..."

Angela ta dube ta, ta dubi akwatin wutar da ke jikin bango, ta yi tsaki. "Ba ni makulli. Buta da safe, guga, girki, talabijin, ko ba haka ba? Na san shi duka. Ni zan kunna masa kayansa. Kai dai tashi."

Sai da ta ji wannan alƙawarin sannan ta yarda aka sa ta a tasi. A asibiti likita ta duba ta, ta ce da an zo tun da abin ya fara da akwai abin da za a gwada. Namiji ne, har ya yi kamannin mutum. Umma ta iso daga Masaka aka ba ta shi a ƙunshe cikin farin ƙyalle.

Angela ta cika alƙawari. Ta bar wa maƙwabciyar rumfarta kaya, ta riƙa zirga-zirga tsakanin kasuwa da gida. Ta tafasa ruwa ta zuba a filas ta kai asibiti. Ta kwaso kayan makarantar 'ya'yanta da wandunan mijinta ta goge su tas, abin da ba ta samu ba tun farkon shekara. Ta dafa wa gidanta shinkafa a kicin ɗin Mashkura, ta kunna talabijin bayan la'asar ta bar ta tana yi wa kujeru magana.

Saƙonnin Injiniya suka fara shigowa wayar Mashkura a gadon asibiti. "Yau kin kyauta." Washegari, "Haka nake so." Rana ta gaba har da hoton zaren ya turo, ya rubuta a ƙasa, "Kin ga yadda gidan mutunci yake. Na huce."

Umma ta ce, "A sami wanda zai gaya masa mana. Ni kin san ba zan iya kiransa ba."

Mashkura tana kallon silin. Da farko tsoro ne ya sa ta ba Angela makullin, yanzu tsoron ya bi jinin ya fita. Ta ce, "Kada wanda ya gaya masa. Ya ce ta nan zai fara gani in wani abu ya same ni. A bar shi ya gani."

Bai gani ba, kuma bai kira ba. Aka sallame ta, Umma ta wuce da ita Masaka.

Ranar da ya dawo, da hantsi jirginsu ya sauka. A cikin tasi ya duba waya ya ga tudun guga ya tashi daidai inda ya saba, ya yi murmushi shi kaɗai. A jakarsa akwai leshi da turare da wasu 'yan safa na jarirai da ya gani a kanti ya kasa wucewa. Ya sa makullinsa ya buɗe ƙofa da sallama, har da 'yar waƙa a bakinsa.

Angela ce tsaye a falonsa da ɗaurin ƙirji, tana goge wandon mijinta.

"Sannu da zuwa, Oga Injiniya."

"Me kike yi a nan? Ina Mashkura?"

Ta kife dutsen gugar, ta zare shi daga soket, ta naɗe wandon a hankali. "Yana Masaka wurin mamansa. Tun washegarin da ka tafi ba ya gidan nan. Ni ne matan kirkin da kake ta yabo." Ta ajiye masa makulli a kan tebur ta fita da kayanta a kai.

Gidan Umma a Masaka ɗaki biyu ne a cikin gidan haya, kuma ranar ma babu wuta. Ya sami Mashkura kwance a tabarma a inuwar baranda, ta rame, Umma na yi mata fifita da kwali. Ya durƙusa ya gaida Umma. Ba ta kalli bango ba, shi ta kalla, kuma ba ta amsa ba. Ta tashi ta shige ɗaki.

Idonsa ya sauka a kan cikin matarsa, ya ga babu.

"Me ya sa ba a gaya min ba? Ni ne fa mijinki. Da kin ce min jini ne..."

"Na kira, kana aji."

"To ai sai ki rubuto. Kuma a ce wata ta shiga gidana tana yaudarata, da saninki? Wannan ai cin amana ne, Mashkura. Ki tashi mu tafi gida, ma yi maganar a can. Zan mayar miki da esin."

Ta yunƙura ta zauna da ƙyar, ta jingina da bango. Muryarta ba ta tashi ba.

"Tun da muka yi aure ba ka taɓa yabona ba kamar kwanakin nan da ba na gidan. Matar da kake so tana can, buta da dutsen guga da talabijin, ba ta amai, ba ta gajiya, ba wanda zai kalle ta a liyafa. Ka koma wurinta. Ni ba zan sake shiga gidan nan ba."

"Mashkura..."

"Abu ɗaya nake so ka yi min kafin ka tafi. Fito da wayarka."

Ya fito da ita, don hannunsa ya saba.

"Ka ce ba ta ƙarya. Ɗanka namiji ne, Umma ce ta karɓe shi. Nuna min ranar da ya mutu."

Ya buɗe zaren. Ya ja shi baya da yatsa, ya dawo da shi gaba, ya buɗa shi ya ƙara girma. Ga butar safe, ga guga, ga girki, ga talabijin bayan la'asar, kowace rana kamar 'yar uwarta, babu inda ya faɗi, babu inda ya hau ba dalili. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin zare mai tsabta irin wannan ba.

Mashkura ta ɗauki kwalin da Umma ta ajiye ta ci gaba da yi wa kanta fifita. Shi kuwa yana nan durƙushe a rana, yana ta jan zaren da yatsa yana nema.